Mariƙin Bakan Tsoho

Madarunfa

Zuwa ga mai sunan Tsoho,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka a Maradi kafin kamyon Tanut ya tashi, Ya kai ka wurin aikinka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direban da ya ɗauki birki abin ado. Mu nan ƙalau muke. Labarin gari ba zan ba ka ba, innarka ta riga ni, kuma abin da ta rage bai kai a ɓata masa tawada ba.

Saƙonka ya zo ta bakinta, kamar yadda saƙonninka suka saba zuwa. Ta ce ka ce a ba ka bakan kakanka ka tafi da shi, tunda sunansa gare ka, kuma cikin jikokinsa kai kaɗai ka koyi harbi. Gaskiyarka, naka ne. Amma in ka kwance ƙunshin da ya zo tare da takardar nan ba za ka ga baka ba. Za ka ga sanduna biyu masu lanƙwasa, kowace da huji biyu a gindinta, da tsarkiya a naɗe, da ƙusoshi huɗu masu murɗi irin waɗanda ƴan garaji ke kira bulon. Tsakiyar, inda hannu ke riƙewa, babu ita a ciki. Kafin ka yanke ko za ka karɓa ko za ka maido mini da aikin hannuna, ka daure ka karanta har ƙarshe. Kai ɗan fari ne, kuma mai sunan ubana, dalili biyu ke nan da suka hana mu zama a tabarma ɗaya mu yi magana kamar mutane. Na lura alƙalami bai damu da wannan ba.

Tun kana ƙarami wurin gwaggonka a garin Sarkin Yamma aka gaya maka cewa idon kakanka ne ya mutu, ya harbi barewa a gaban jama'a ya kuskure, daga ranar ya aje farauta. Haka kowa ke faɗa a garin nan, har da ni. Idon Tsoho lafiyarsa lau har ranar da muka kai shi makwancinsa. Shi ke zura wa kakarka zare a allura.

Ka san ni ba ɗan daji ba ne. Ina shekara bakwai aka zo neman yaran da za a kai lakwal, makarantar boko, mai gari ya duba gidajen da ba su da mai tsaya musu, ya ga namu. Daga nan sai Maradi, sai gaba, sai ga ni na dawo da takalmi da tabarau ana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. Ina iya jera maka kogunan ƙasashen da ban taɓa takawa ba, tun daga mafarinsu har inda suka faɗa teku. Amma kafin abin da zan ba ka labari ban taɓa bin Tsoho daji ba ko sau ɗaya. Lokacin farauta ina cikin aji, lokacin hutu kuma damina ce, kowa na gona.

Shekarar da abin ya faru gyaɗa ta yi kyau ƙwarai, kamyo sai kai da kawowa suke. Tsoho ya je ziyarar abokan farautarsa can bayan Ɗan Issa, gwiwarsa ta dame shi, sai ya yarda ya hau mota a dawowa. Masu lodi suka kwantar da bakansa a ƙasa suka jibga buhuna a kai. Da aka sauke, ya tsage a tsakiya, tsagar ta kai kamar taƙi ɗaya. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya samo ɗanyar fatar sa, ya yanka ta siriri, ya jiƙa a ƙwarya don ya naɗe tsagar, yadda maharba ke yi tun kafin a haife shi. Fatar na jiƙe aka aiko an yi rasuwa a Safo, ya tafi gaisuwa na kwana uku.

Ni kuwa ina da wata tsohuwar mujallar Faransanci da aka naɗo allin lakwal a ciki. A wani shafi akwai hoton wani Bature yana murmushi, gabansa baka kashi uku a cikin akwati: reshe na sama, reshe na ƙasa, da mariƙin katako a tsakiya wanda ake ɗaure su a jikinsa da bulon. In za ka yi tafiya ka kwance, in ka isa ka haɗa. Na karanta rubutun ƙasan hoton sau huɗu. Babu awo, babu sunan itace, sai yabon kayan. Na ce a raina ai ga maganin buhunan gyaɗa. Na aro zarto, na cire tsagaggen wurin, na bar rassa biyu lafiyayyu. Aikin bai ɗauke ni tsawon shan shayi ba. Bakan kuwa ya girme ni.

Tsoho ya dawo da la'asar, ya sha ruwa, ya nufi rumfa inda ya bar ƙwaryarsa. Ya iske sanduna biyu jere a kan tabarma, ni kuma tsaye a gefe riƙe da hoto kamar mai jiran a ɗaura masa lambar yabo. Ya ɗauki ɗaya ya shafa bakin yankan da babban yatsa.

"Da zarto?"

"Da zarto, Baba."

"Ya yanku sumul." Ya miƙa hannu na ba shi hoton, ya daɗe yana kallo. "Shi wanga mi yake wa dariya?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da amfanin akwati. Ya saurare ni har na gama, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi mini ba. Sannan ya ce, "Farauta sauran wata huɗu." Ya tsamo fatar ya miƙa wa kakarka, ya ce ta ɗaure akushinta da ya fashe.

Kai ma yanzu za ka shiga cikin makiyaya da allurar dabbobi da takardar shaida. Za ka ga suna yin abubuwa da yawa waɗanda ka san hanyar da ta fi tasu. Wani lokaci ma kai ke da gaskiya, kuma wannan ne ya fi haɗari. In ka ga mutum ya riga ya jiƙa fatarsa, to ya yanke abin da zai yi da kayansa. Jira ya dawo ka tambaye shi, ko da kwana uku ne. Ɗaurin fata in bai yi ba ana kwancewa a sake. Zarto kuwa ban san yadda ake kwance shi ba, kuma na bincika littattafai da dama.

To, wata huɗu gare ni. Na je bakin tafki na sari reshen kanya mai kauri. Na zaɓi ɗanye da gangan, don na ga gizago ya fi shigarsa da daɗi, kamar ana yankan kabewa. Kullum aka tashi lakwal ina bayan gida ina sassaƙa, hoton na jingine da bango. Cikin sati biyu na gama. Na yi masa siririn wuya kamar na hoton, na sa ƙarfe a wuta na huda ramukan bulon, na ɗaura rassan. Ya yi kyau, wallahi. Na jingine shi a ɗaki ina shiga ina kallo.

Sai rani ya kama sosai. Wata Alhamis, da yake ba lakwal, na fita da shi bayan azuzuwa inda ba kowa, na ɗana tsarkiya. Na ji bulon ɗin sun ɗan yi sako-sako, na ƙara murɗa su, na ja iyakar ƙarfina. Ban ji ƙarar ba sai daga baya. Mariƙin ya karye a wuya, reshen sama ya dawo ya same ni a goshi, tabarau ya rabu biyu. Tabon da ke saman girata, wanda na ce muku ƙofar aji ce, shi ke nan asalinsa.

Kashegari Ɗan Ladi ya zo jaje. Ka san shi, masassaƙin turmi na bakin kasuwa, taubashina, ɗan ƙanwar Tsoho, mutumin da Allah Ya ba izinin zagina tun muna yara kuma bai taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba. Ya shigo fuskarsa cike da farin ciki.

"Sannu Mushe. Duk garin ga kai ne na farko da ya tahi farauta ya kamo kansa. Ina naman? A ba mu kason dangi."

"In ka gama ka ja mini ƙofa."

Bai gama ba. Ya ɗauki karyayyen ya shinshina, ya danna farce a ciki.

"Yaushe ka sari wanga?"

"Bayan girbi."

"Girbin bana?"

"Na bana."

"To ai shi bai ma san ya mutu ba tukuna. Yana shan iska yana ramewa, kai kana ɗaura masa ƙarfe." Ya juya shi wajen haske. "Dubi jijiyarsa. Ta taho daga nan, ta zo wuya, ta hita ta gefe. Mi zai riƙe shi? Ramukan ga kuma da wuta ka huda?"

"Da wuta."

"Gawayi ka ɗaura wa bulon. Kai hoto ka sassaƙa, ɗan boko, ba ka dubi itacen ba ko sau guda."

"Ai ba su faɗi duk wannan a rubutun ba."

"Mai rubutun ya ɗauka wanda zai karanta shina da hankali."

Tsakanin gidana da rumfar Ɗan Ladi bai kai tafiyar da zan sha taba ɗaya ba. Sati biyu ina sassaƙa ban je ba, don kada mutumin da bai iya rubuta sunansa ba ya koya wa Mushe abu. Ya koya mini duk da haka, sai dai ya haɗa da dariya, kuma goshina a kumbure. Duk inda aka tura ka akwai irin Ɗan Ladi, mai ƙazamar riga da bakin da ba ya gajiya. Ka neme shi tun satin farko, ka zauna ƙasa, ka bari ya yi maka dariyarsa tun ba ka ji ciwo ba. Kuma in ka ga aiki yana tafiya da sauƙin da ya ba ka mamaki, ka dakata ka tambayi dalili. Ɗanyen itace ma daɗin sara gare shi.

Da ya ƙoshi da dariya sai ya kai ni rumfarsa, ya jawo wani guntun ƙirya daga cikin rufi, zuciyar itacen, baƙi-baƙi, mai nauyi kamar dutse. Ya ce shekara biyar yana nan, ya aje shi don ƙotar gatari. Abin da ya koya mini zan rubuta maka, don ko ba ka so in sake taɓa bakan nan ba, ka san abin da za ka gaya wa wanda zai yi maka.

Itacen ya zama busasshe, wanda ya shekara biyu ko fiye a inuwa. A faskara shi, kada a yanka da zarto a tsaye, don in aka faskara shi da kansa zai bi jijiyarsa, kuma jijiyar nan dole ta tashi daga wannan kai ta fita wancan ba ta ratse ba. Kafin gizago ya taɓa shi a shafa wa zare gawayi, a ja shi daga sama zuwa ƙasa, a tsinka, ya bar layi a tsakiya. Duk abin da za a yi daga layin nan ake aunawa. Mazaunin rassan, sama da ƙasa, su kwanta sumul, gangarensu ɗaya, in ɗaya ya fi ɗaya reshe guda zai riƙa ɗaukar nauyin biyu. Wuya a bar shi da kauri ko da ya yi muni. Ramuka da mahuji mai juyawa, ba da wuta ba, ni a Maradi na aro wurin wani kafinta. Tsakanin reshe da mazauni a sa ƴar jemammiyar fata. In an ɗana tsarkiya a tsaya daga baya a duba, ta raba mariƙin biyu daidai. Gwaji kuma a rataye bakan a turke, a ɗaura igiya doguwa a tsarkiya, a koma nesa, a ja kaɗan yau, a ƙara gobe. Da Ɗan Ladi ya zo nan sai ya dubi goshina ya ce wannan na ƙarshen ba sai ya maimaita ba.

Tare muka yi wannan duka, har bakan ya tsaya a turke ana jan sa yana komawa lafiya. Abin da ya rage shi ne gyaran wurin riƙo da gurbin kibiya. Nan na ɗauke kayana na koma gida na rufe ƙofa. Ɗan Ladi ya aiko sau biyu in kawo ya gani, na ce sai an gama. Ina so a samu wani ɓangare na aikin da ba wanda zai ce shi ya nuna mini.

Dole in yi maka bayani a nan, ko da yake ka fi ni sanin baka. Bakan gargajiya sanda ce, ba ruwanta da dama ko hagu, duk hannun da ya kama ta nasa ce. Irin na hoton ba haka yake ba. Ana rarake wurin riƙo ya bi tafin hannu, da gurbin babban yatsa, ana kuma yanke gefe ɗaya a yi wa kibiya matakin da za ta kwanta. In an gama ya zama na hannu guda. Baturen hoton da hagu ya riƙe yana ja da dama, ni ma haka na yi ranar da na fasa goshina. Sai na shafa gawayi a tafin hannuna na hagu, in damƙi itacen, in sake, in kankare inda ya yi baƙi. Haka na yi ta yi kwana goma sha. Na kankare da fasasshiyar kwalba, na goge da ganyen ɓaure, na shafa man kaɗe har yana ɗaukar ido. Gaskiya tsakanina da Allah, ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, har da darussan da na koyar.

Bakina kuma bai zauna ba. A ƙofar masallaci na faɗa, a tasha na faɗa, fatake masu zuwa Katsina har tsayar da ni suke su tambaya ko bakan Turawa ya ƙare. Saboda haka ranar da na kai wa Tsoho, da hantsi, saura kwana biyu farauta, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Na buɗe jaka, na haɗa kashi ukun a gabansu a hankali don kowa ya gani, na ɗana, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa da dama. Ya damƙa, ya sassauta, ya juya shi. Sai ya mayar da shi hagu, itacen ya shige tafinsa.

"Ya zauna," na ce.

"Ya zauna. Hannun wa ka auna?"

"Nawa, Baba. Ai hannunmu ɗaya."

Ya dubi mutanen da ke ƙofa, ya dube ni. "Haka ne," ya ce. "Allah Shi yi albarka."

Na ga lokacin da ya sauya hannu. Na ɗauka tsufa ne, bai gane ta inda ake kamawa ba.

Na roƙi daraktan lakwal ya ba ni ranar, na bi su daji karo na farko a rayuwata, da takalmin aji. A wancan lokacin al'adar maharban nan ita ce, duk abin da karnuka suka fara tasowa ba mai harbi sai babbansu ya saki kibiyar fari. Shekaru da yawa Tsoho ke da wannan kibiyar, kuma ba a taɓa jin ta faɗi ƙasa ba. Muka shiga dajin kudu, rana ba ta yi zafi ba karnuka suka taso barewa. Ta fito fili ta tsaya, kusa ƙwarai, ni ma da dutse da na same ta. Kowa ya yi cik. Tsoho ya ɗaga bakana da hagu, ya ja da dama. Kibiya ta tashi ta je ta cake a rairayi can gefe, nesa da barewar har ba ta gane ita ake nufi ba. Ta ɗan dube mu, ta yi tafiyarta.

Samari suka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Tsoho dai a koma gida a riƙa jiran tuwo." Dattawan ba wanda ya yi dariya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Tsoho ya sauke bakan ya murza idonsa. "Ido ne," ya ce. "Na daɗe ina ɓoye muku. Nomau, daga yau kibiyar fari taka ce." Nomau shi ke bi masa a shekaru. Ya buɗe baki zai yi magana, Tsoho ya dube shi, ya rufe.

Ni kuwa tausayi ya kama ni, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da ɗan haushi, ga baka mai kyau ya zo a lokacin da mai shi ya makance. A hanyar dawowa na faɗa wa Ɗan Ladi haka. Ya tsaya ya bari mutane suka wuce mu. Ban taɓa ganin fuskarsa babu wasa ba sai ranar.

"Mushe, kawu bahago ne."

"Bahago kamar yaya? Da dama yake cin tuwo."

"Da dama yake ci, da dama yake gaisawa, don an dake shi a kai yana yaro, kamar yadda kake dukan ƴaƴan mutane a lakwal. Harbi kuwa a daji ya koya, ba mai ganinsa. Da dama yake riƙe baka, shi ja da hagu. Duk dajin ga kai kaɗai ne ba ka sani ba, sai yaran can masu dariya."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Sau nawa na aika ka kawo in gani?"

Sau biyu ne, na riga na gaya maka. Akwai baka a kowane gida a unguwarmu, da Tsoho ya so da ya ara, ba wanda zai hana shi. Amma da ya fito da bakan aro, da duk garin ya san abin da Mushe ya kwashe wata huɗu yana shela bai yi ba. Sai ya auna kibiyarsa ta fari da mutuncin ɗansa mai tabarau, ya zaɓa.

Shawarar da ke nan ba ta da tsawo. Ka nuna aikinka tun yana rabi, lokacin da gyara ke yiwuwa, kuma ka rufe bakinka har ya ƙare, ni na yi su a juye. In za ka yi wa mutum abu, je ka kalli yadda yake yin nasa da idonka, kada ka auna da hannunka ka ce ai ɗaya ne. Shekara talatin da wani abu ina cin tuwo a gaban mutumin nan, na ɗauka na san shi.

Bayan kwana biyu na sami Tsoho a rumfa yana tufkar igiya. Na tsuguna na ce, "Baba, zan sake wani mariƙin. Na ɗaya hannun."

Bai ɗago ba. "Ka sake mi? Ido ne."

"Ɗan Ladi ya gaya mini."

"Ɗan Ladi turmi ya sani. In ka sake wani na hita da shi na harbi abu, mi zan ce wa Nomau? Idon ya warke?" Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Kwance shi ka sa a jakar. Ai ka ce amfaninsa ke nan."

A kan maganar nan ya zauna har ya rasu. A waje yakan sa hannu a goshi ya ce wa mutum, "Wa ke nan?" Na lura ya fi yi wa masu dogon surutu, har ina jin makantar ta ɗan yi masa amfani. A cikin gida kuwa yana hango shaho tun kaji ba su gan shi ba. Duk da ya hana ni, na sami wani guntun ƙirya na faskara na sa a rufin ɗakina, ina cewa ko wata rana Tsoho zai sauko. Bai sauko ba. Itacen yana nan, ya bushe har in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake kamar ƙarfe.

To ka ji abin da ya sami bakanka, da wanda ya yi masa. Mariƙin da na yi ban saka a ƙunshin ba, don hannuna ne a jikinsa, ba na kakanka ba, ba naka ba. In ka ga ya isa haka, ka kai rassan wurin wani masassaƙi a can, ka karanta masa abin da Ɗan Ladi ya ce, ba zan ga laifinka ba. In ka maido su ma zan gane. In kuwa ka yarda in sake gwadawa, akwai abin da nake buƙata, kuma nan ne wahalar take.

Ban san da wane hannu kake harbi ba. Rubutunka na dama ne, amma duk wanda ya bi ta hannun irina da dama yake rubutu, wannan ba shaida ba ce. An ce mini kana harbin zabi da kawunnanka a Sarkin Yamma tun kana shekara goma, an ce ba ka cika kuskure ba. An ce, an ce. Na tambayi innarka. Ta aje ludayi ta dube ni ta ce, "Shekara ashirin da biyu, Mushe. Tambaye shi da kanka."

Ga shi na tambaya. Ka yago takarda daga kaye, littafin rubutunka, ka ɗora hannun da kake riƙe baka da shi, yatsu a buɗe, ka zagaye shi da alƙalami. Ka rubuta a ƙasa ko dama ne ko hagu, kada ka dogara ga basirata. Ka ja zare daga damƙarka zuwa gefen bakinka yadda kake yi in ka ja tsarkiya, ka yanke, ka naɗe shi a cikin takardar. Ba sai ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Ka ba kowane direba mai zuwa Madarunfa, duk sun san gidan Mushe mai bakan Turawa, sunan bai bar ni ba har yau. Ba zan sauko da itacen daga rufi ba sai takardar ta zo.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa ka sauka cikin mutanen kirki, Ya ba ka haƙuri da su, Ya ba su haƙuri da kai. Ka riƙe salla, ka tafasa ruwan da ba ka san rijiyarsa ba. Allah Ya jiƙan mai sunanka, Ya yi maka albarka, Ya maido mana da kai lafiya. Innarka da ƙannenka suna gaisuwa. Ɗan Ladi ma ya ce a gaishe ka, ya ce wannan karon a rumfarsa za a yi aikin tun daga farko har ƙarshe, ƙofa a buɗe.

Wassalam.

Ni ne,
Mushe Lawali